Ƙarfen da Ghali Ya Lanƙwasa

A wani ƙaramin lambu da ke bayan kasuwannin Liwan, can a ƙasar waje, akwai tsohon agogon rana: faifan dutse a karkace, da tsinken ƙarfe a tsakiya, wanda inuwarsa ke bin layukan da aka sassaƙa. Nan fataken Hausawa ke taruwa kafin Azahar. Malam Tankari, dattijo daga Maraɗi, zai tsaya ya ƙura wa dutsen ido, can ya ce, "Rana ta goce." Sai a bi shi ɗakin ajiyar kaya, ya ja salla.

Ghali, Bakano mai digiri, ya tsani wannan al'ada. Shekara huɗu yana nuna wa jama'a lokacin salla a wata manhaja ta wayarsa, ba mai dubawa. Lokacinsa da na Tankari bai taɓa saɓawa ba, ko ranar da hadari ya rufe gari, amma Tankari ake kira masanin falaki. Duk baƙon da ya sauka, limamin yake nema ya raka shi sayayya; Ghali kuwa ya wuni shi kaɗai.

Ranar Talata da sassafe, kafin masu shara su iso, Ghali ya sa filaya ya lanƙwasa ƙarfen. Ya lissafa sosai: inuwar za ta makara da rabin awa, a gaban kowa.

Da rana Tankari ya tsaya kamar kullum. Daidai mintin da ya dace ya ce, "Rana ta goce."

"Ƙarya kake, tsoho!" Ghali ya daka tsawa. "Inuwar ba ta kai layi ba! Ku duba!"

Aka duba. Aka ga ƙarfen a lanƙwashe, da sabon tabon filaya. Hayaniyar ta jawo masu gadin lambun. Suka koma kan hoton kyamarar tsaro, suka ga Ghali da filayarsa, suka kira 'yan sanda. Dutsen kayan tarihi ne. Kowa ya san bizar Ghali ta ƙare ke nan.

Ana tura shi mota ya waiwayo wajen Tankari. "Da wane tsafi ka gane lokacin?"

Tankari ya matso, ya rage murya yadda ba mai ji sai shi.

"Ɗan Kano, ni ban taɓa iya karanta dutsen ga ba. Salula ce ke motsi cikin aljihuna, kuma manhajar da ka yi ta talla ce na sa mata."