Lakar Tafkin Sufaye

Gwaggo Hansatu, don Allah ki ajiye abin da kike yi ki saurare ni, ko takalmin makaranta ban cire ba. Yau aka kai 'yan ajinmu wani tsohon gidan ibada na sufayen Katolika, irin mazan nan da ba sa aure, sai addu'a da noma. Wai ya kusa shekara ɗari takwas da ginawa. Rufin majami'ar ya rufta tuntuni, sai bangayen dutse a tsaye, hankaki na shiga da fita ta tagogi. Ta wannan gefen akwai wani ƙaton rami mai daɓen dutse, busasshe ƙayau, ta wancan gefen kuma lambun tuffa ne, rassa har ƙasa saboda nauyin 'ya'ya. Ni dai na kasa haƙuri, na tambayi tsohuwar da ke zagayawa da mu me ya sa can kore shar, nan kuwa ko ciyawa babu. Sai ta zaunar da mu kan katanga, ta ce bari ta ba mu labarin kamar yadda kakarta ta ba ta.

Wai da sarkin wancan zamanin ya kori sufayen, sai aka raba filinsu ga mutum biyu da ke yi musu aiki. Na farko mai kula da dawakansu ne, ƙato mai baki, shi ya fara zaɓa, ya kwashe gonar tudu har da tafkin da sufaye ke kiwon kifi a ciki. Na biyun mai ba shuka ruwa ne, ɗan siriri mai ciwon baya, aka bar masa tsohon lambun da ke jikin katanga, duk ciyawa ta cinye shi. Ya san katangar nan tana shan rana da yini ta riƙe ɗumi, sai ya jera kabeji da albasa a gindinta, suka yi kyau daidai gwargwado.

To Gwaggo, nan fa ciwon ya soma. Gonar mai dawaki ta ninka lambun nan sau biyar, rumbunsa bai taɓa zama ba hatsi ba, amma kullum da safe sai ya leƙa ta saman shinge, kan kabeji ɗaya na maƙwabci ya tsaya masa a wuya. Ran da matarsa ta yi kuskuren cewa albasar can ta fi daɗin miya, ture kwanon ya yi ya tashi. Ya daina amsa gaisuwa. Ya canja hanyar zuwa coci don kada ya bi ta ƙofar mutumin. Da ya ga an dasa 'yan itatuwan tuffa goma sha biyu, waɗanda mai lambu ya samo daga bishiyar sufaye ta ƙarshe kafin ta mutu, yana cewa su ne gadon 'ya'yansa, ai sai abinci ya daina shiga masa gaba ɗaya.

Ana nan, bayan girbi, mai lambu ya ƙetare kogi bikin 'yarsa, zai yi mako guda. Mai dawaki ya dubi tafkinsa. Kifin sun ƙare, ruwan ya janye, abin da ya rage baƙar laka ce mai wari, wadda ko kare ba ya zuwa kusa. Ya ɗaura wa dokinsa amalanke, ya shiga lakar har gwiwa, yana loda yana zuwa yana juyewa a lambun mutane. Kwana shida cur yana wannan aiki. Sai da ya kankare tafkin har daɓen dutse ya fito, ya binne kwamin kabeji, ya tula wa 'yan tuffar nan laka har ƙugu, ya ce to su shaƙe ya gani. Dokin ya gurgunce, shi ma ƙugunsa ya riƙe. Kafin mai lambu ya dawo dusar ƙanƙara ta sauka ta lulluɓe komai.

Abin da bai sani ba, shi da ya ƙare rayuwarsa a bargar dawaki, wai sufaye duk bayan 'yan shekaru sukan zubar da ruwan tafkin ne su kwashi lakar nan su kai lambu, ita ce sirrin shukarsu. Mai lambu ya sani sarai. Shekara uku yana son ya roƙi ko kwando ɗaya, kunya ta hana shi, tunda ba a ko amsa masa gaisuwa, kuma bayansa ba zai iya ɗauka ba. Da sanyi ya wuce, lakar ta ruɓe ta zama baƙar ƙasa mai laushi kamar gari. Kabeji ya yi girman tukunya. Tuffar nan ko ɗaya ba ta mutu ba.

Shekarar da suka fara 'ya'ya, mai lambu ya tare mai dawaki a ƙofar coci, gaban kowa da kowa, ya dire masa kwando cike, ya kama hannunsa ya ce, "Ɗan'uwa, ban san bakin da zan gode maka da shi ba." Mai dawaki ya kalli jama'a, ya kalli kwandon, ya ce, "Ba komai."

Ramin da na tsaya a cikinsa ɗazu shi ne tafkin, Gwaggo, har yau dutse ne zalla. Tuffar kuwa an ba mu ɗaya-ɗaya, tawa tana cikin jaka, na ƙi ci sai Baba ya gani. Da tsohuwar ta gama na ɗaga hannu na ce ai mu a garinmu magana ɗaya ce ta ƙunshe duk wannan, wadda Gwaggona ke faɗa idan an taɓa ta. Sau biyu ta sa na maimaita mata da Hausa: hassada ga mai rabo taki ce.