'Yar Rakiya

Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, don haka Pihla ce ta tuƙa motar. Kakarta Hilkka na zaune a gefe, ta rungume jaka a cinya. Asibiti suka nufa.

Asibitin ɗaya ne tal a garin, kuma kowa ya san kujerun nan na ƙarshen baranda. Ranar Alhamis, ko Laraba ce, ɗaya dai daga ciki, a nan ake ganin masu ciwon da ake ɗauka wajen kwanciya. Hilkka ta so a tafi can birnin Oulu inda ba wanda ya san fuskarsu. Pihla ta ce hanya ba kyau, kuma ai a nan aka yi gwajin. Sakamako ya fito, ciwon sanyi ne. Abin da ya rage allura ce da 'yan tambayoyi.

Tambayoyin nan su suka fi tsaya wa Hilkka a rai. Za a ce da wa, tun yaushe, domin shi ma a nemo shi a yi masa magani.

A bango akwai hoton saurayi da budurwa suna dariya. An rubuta a ƙasa cewa ciwon yakan daɗe a jiki ba wata alama, kwaroron roba na karewa, wanda kuma ya yi sabon abokin kwana ya zo gwaji. Hilkka ta karanta, ta ji fuskarta ta ɗauki zafi. A zamaninsu abu ɗaya uwa ke tsorata 'yarta da shi, ciki. In an tsallake wannan, ana ɗauka an tsallake komai. Ita ta raini Pihla tun rasuwar uwarta. Ta koya mata saƙa da gashin burodi da yadda ake gane naman kaza mai guba a daji, amma wannan zancen bai taɓa haɗa su ba sai makon jiya, a teburin kicin, kofi na hucewa ba wadda ta taɓa shi.

"Kaka, ɗago kanki mana," in ji Pihla a hankali. "Ba kisan kai aka yi ba."

"Rufe mini baki, 'yar nan."

Ba su ji tahowar Raili ba sai da sandarta ta tsaya a gabansu. Awon jini ya kawo ta, ta hango su daga nesa. Raili gwaggon Tuomas ce, yaron da zai auri Pihla idan bazara ta shigo. Gidansu mutanen coci ne na gaske, ko rawa ba sa takawa. Shi kuwa Tuomas yana can kan teku yana aikin jirgi tun kafin sanyi ya faɗo.

"A'a, Hilkka! Ashe kina da rai? An ce ko rawar tsofaffi ta ranar Asabar kin daina zuwa. Ƙafar ce ta gaji, ko abokan rawar ne suka ƙare?"

Sai ta dubi ƙofar da ke gabansu. Ta dubi hoton bango. Dariyar ta bar fuskarta.

"Amarya, me ake yi a nan?"

Hilkka ta buɗe baki, Pihla ta riga ta.

"Ni ce na zo, Gwaggo. Kaka rakiya ta yo."

"Ke?"

"Ni."

Raili ta ƙura wa yarinyar ido. Ba sai an faɗa ba, lissafin watannin da Tuomas ya yi ba ya gari take yi.

"To, madalla. Yaro na can sanyi na cin ƙashinsa yana tara na aure. Ke kuma Hilkka kina gida kina kallo? Wannan ce tarbiyyar?"

Ba ta tafi ba. Ta samu kujera daura da su ta zauna, ta ciro waya ta ɗora a gwiwa. Kafin rana ta faɗi, kuma a wannan lokacin da wuri take faɗuwa, uwar Tuomas za ta ji. Kafin Lahadi coci gaba ɗaya ya ji.

Hilkka ta saci kallon jikarta. Pihla ta miƙe wuya tana duban bango, amma kunnuwanta sun yi ja. Rigar aure tana can rataye a ɗakin sama, Hilkka da kanta ta rage mata tsawo. Ta tuna yadda mutanen garin nan suke gaishe ta tun rasuwar mijinta, har maza na cire hula. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Ƙofa ta buɗe. Malamar asibiti ta leƙo, ta kira sunan gidansu kawai, kamar yadda aka saba.

"Ojala?"

Pihla ta yunƙura za ta tashi. Hilkka ta dafa gwiwarta da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba, ta mayar da ita kan kujera. Ta miƙe, ta kasa haɗa ido da kowa.

"Mayar da wayarki jaka, Raili," ta ce. "Yarinyar nan lafiyarta ƙalau. Ita ta rako ni."