Dokin da Kaka Ta Sani

Saura minti biyu fim ɗin ya ƙare. Matan gidan sun yi cincirindo a kan wayar da aka zo da ita daga Kankiya, sai shewa suke yi. Jikar Kaka ce kaɗai ba ta shewa. Shekara uku tana karanta wa Kaka littafin da aka ɗauko labarin fim ɗin daga cikinsa, kuma duk sanda aka zo inda doki mai fiffike zai mutu, sai ta tashe shi da bakinta don kada tsohuwa ta yi kuka.

Dokin ya faɗi, bai tashi ba.

Kaka ta juyo ta zuba mata ido.

"'Yar nan, kin ga maƙaryatan banza? Ko buɗe littafin ba su yi ba! Maza ɗauko shi ki karanta wa mutane gaskiya."

Da gudu ta ɗauko.