Ƙurar Cikin Kaset

"Ga shi, na wanke maka shi tas," in ji mai shagon bidiyo, yana juyo masa da fuskar kwamfuta.

Mutumin ya matso da kujerarsa. Tun daga Abare ya taho Anka da tsohon kaset ɗin sunan autarsa, don a mayar masa da shi faifai kafin ya ƙarasa lalacewa. Tun shekarar da gubar dalma ta kwashe yaran garinsu, nan ne kaɗai 'ya'yansa uku suka rage suna motsi.

Ga manyan biyun kuwa suna guje-guje tsakanin turame. Rigar babban koriya shar, zanen goyon jaririyar ja wur, sama garau. Ya daɗe yana kallo.

"Da duk hoton ya dushe, kamar an watsa masa toka," in ji mai shagon. "Haka tsohon kaset yake yi. Kwana biyu na yi ina gyara kalar."

"Mayar da shi yadda yake."

"Baba, ai wanga ya fi kyau."

"Ya fi kyau, amma ba gidana ba ne." Ya ɗora yatsa a kan fuskar jaririyar. "Kaset bai lalace ba, ɗana. Ƙurar dutsen zinariya ce da muke dakawa a tsakar gida. Ita suke shaƙa suna dariya. Ni na ɗauko dutsen nan a kaina na kawo musu. Kada ka goge mini ita."