Kajin Inna Mai Aladu

Ranar da mai unguwa ya ce Shari'a ta zo, aladunta su bar Ƙaura, ba ta musa ba. Ta sayar da su a wulaƙance, ta riƙe kaji don ciyar da marayunta.

Amma maƙwabta suka daina sayen ko ƙwai, wai tare da aladu kajin suka yi kiwo.

Ta kwashe su sai kasuwar Shinkafi, inda ba a san ta ba. Wani dattijo ya ɗaga zakara, ya yaba nauyinsa, har ya sa hannu aljihu.

"Inna mai aladu!" wani direban garinsu ya gaishe ta da fara'a. "Yau ke ce nan?"

Dattijon ya ajiye zakaran, ya tafi neman ruwan wanke hannu.