Motar da Za Ta Kai Gangara

Gajere ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin farar motar, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Cikinta ya yi ƙasa. Rairayin farko za ta kwanta."

Abdulgani, mai sayar da motocin lantarki a bayan tashar Tanut, ya yi dariyar ƴan kasuwa. Motoci uku kacal gare shi a rumfa, amma in ka ji bakinsa sai ka rantse ɗari ne. Da ma ya san farar ta fi ƙarfin mutumin nan. Tun shigowarsa Gajere ya faɗi abin da ke cikin jakarsa, miliyan ɗaya da jika ɗari huɗu na sefa, ko dala babu a kai. Ya kuma faɗi abin da ya kawo shi. Daga ƙauyensu, Rijiyar Tata, zuwa likitan Gangara kilomita ashirin da bakwai ne, rairayi zalla. Akwai wata mace, Ramla, watanta ya kusa kamawa, ungozoma kuma ta ce ɗan a gicciye yake. Saura sati uku, in ya daɗe.

Mota ta biyu ta hannu ce, kuɗinta daidai da jakar. Gajere ya kunna ta, ya zuba wa allon batir ido har layi ɗaya ya ɓace ba a motsa ko taku ba. Ya kashe, ya fita.

"Malam, da kuɗin nan ai sai ka sami tsohuwar mota mai shan man esans a tasha, mai ƙarfi kamar raƙumi," in ji Abdulgani. "Me ya haɗa ka da lantarki?"

"Ba na son abin da ke shan esans."

Haka kawai ya ce. Mutumin ba ya fushi, ba ya murmushi, magana yake kamar mai karanta takardar wani.

Saura ta uku, mai ƙafa uku, irin ta ɗaukar kaya. Muni dai an ba ta, ba ƙarya. Gajere ya cire takalmi, ya hau bayanta ya kwanta ɗoɗar, ya miƙe ƙafafu, ya juya gefe ya naɗe gwiwa. Masu shayi na tsallake suka fashe da dariya. Ko a jikinsa. Ya sa aka ɗora buhun hatsi biyu, ya ce nauyin mace da ungozoma da mai rakiya ke nan, sannan ya zauna gaba.

Suka fita bayan gari. Abdulgani ya riƙe ƙarfe yana salati, don mutumin bai tambayi ina birki yake ba. Gajere ya tsaya ya rage iskar tayu kafin rairayi, ya ɗauki tudu a karkace, bai bari ta nutse ko sau ɗaya ba.

"Kai, hannun nan ya san hanya!"

"Ya taɓa sani."

A kilomita na ashirin da biyu ta fara ja da ƙyar. Gajere ya tsayar da ita a inuwar wata aduwa, ya daɗe yana kallon allon. Batir ɗaya ba zai kai ba, sai biyu. Biyu kuwa, da farantin rana na caji, sun haura jakarsa da jika ɗari da hamsin.

Abdulgani ya fara waƙar da ya saba, kaya sun yi tsada, kwastan, hanya. Gajere bai yi ciniki ba. Ya zauna a kan buhu, ya ba shi labari da muryar nan tasa.

Bara, ranar kasuwa, naƙuda ta kama Balki, yayar Ramla, da hantsi. Mota ɗaya ce a garin. Mai motar ya ce esans ya yi tsada, an sha cin amanarsa, ba zai tayar ba sai ya ga kuɗi a hannu. Aka bi gida-gida ana haɗawa, maza duk suna kasuwa. Da azahar ta yi aka haƙura, aka sa ta a amalanken shanu. Ba ta ga la'asar ba, ita da abin da ke cikinta.

"Innalillahi!" Abdulgani ya buga cinya. "Wannan ai ba mutum ba ne. Allah ya isa tsakaninku da shi!"

"Amin," in ji Gajere.

Sai da suka tura ta a wuri biyu kafin su koma rumfa. Abdulgani, wanda ko uwarsa ba ya yi wa ragi, ya shiga ciki ya fito da batir na biyu a kafaɗa. Ya ce shi ma yana da ƴaƴa mata, a bar sauran.

Ya ɗauko takardar ciniki. "Sunanka zan sa?"

"Sa Mu'minat, ungozoma. Makulli a hannunta zai zauna."

"To wa zai tuƙa?"

"Ni, in sun yarda."

Abdulgani ya rubuta, ya busa tawada, ya miƙa masa takardar da hannu biyu. Idonsa ya kawo ruwa, abin ya ba shi kunya. Ya raka shi har bakin titi.

"Allah ya sauki Ramla lafiya. Allah ya jiƙan maiɗakinka Balki, ya ba ka haƙurin rashinta."

Gajere ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya hau, ya murɗa makulli. Motar ba ta yi ƙara ba, don haka Abdulgani ya ji shi sarai.

"Ba matata ba ce. Ni ne mai motar."