Larabar Auta

Duk ranar Laraba da ƙarfe goma na safe, Auta takan ajiye almakashi, ta kaɗe zaren da ya maƙale mata a zane, ta fita daga shagon ɗinkin yayarta. In kwastoma ta tambayi inda za ta, Yaya ce ke saurin amsawa: "Kwamfuta take koyo."

Babu wata kwamfuta. Asibiti Auta take zuwa, sashen masu fama da shaye-shaye. Tun da cikinta na fari ya ɓare ta fara shan ƙwayar rage ciwo, ciwon ya tafi, ƙwayar ta zauna. Shekara biyu tana sha, har aurenta ya mutu. Yaya ce ta ɗauko ta, ta kai ta asibiti, ta ba ta keken ɗinki kusa da taga. Yanzu watanta bakwai ba ta taɓa ko ɗaya ba. Kumatu sun dawo, kuma duk layin babu mai iya kafa wuyan riga kamarta.

Yaya tana son ƙanwarta, wannan ba a musu. Sai dai mace ce da ta gwammace ta kwana da zazzaɓi da a ce an yi da ita a bakin titi.

Wata Alhamis matar hedimasta ta zo gwada riga. Irin matan nan ne da labari ke yi musu ƙaiƙayi a baki. Tana tsaye gaban madubi, hannuwa a sama, Yaya na auna ta, ta ce, "Ni kam jiya na kai surukata awon hawan jini, sai ga Autarku a benci, a layin masu taɓin hankali. Ashe kwamfutar a can ake koyarwa?"

Mata uku da ke jiran ɗinkinsu suka kwashe da dariya. Auta tana guga a kusurwa, ta sunkuyar da kai. Yaya ma ta yi dariyar yaƙe, alhali ji take kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa.

Suna watsewa ta ja labulen ƙofa.

"Daga yau an gama zuwa wajen nan. Kin warke."

"Yaya, ban gama ba. Sista ta ce sai na shekara."

"Sista ce za ta zauna da mutanen unguwa ko ni? Kin ji abin da aka faɗa da kunnenki."

Auta ta ce a hankali, "Wani lokaci ina jin son ƙwayar nan har cikin haƙorana, Yaya. A can ne kawai nake faɗin haka ba a harare ni ba. In na faɗa, sai abin ya sake ni."

"Son me? Bayan wata bakwai? Ke ko kunya ba kya ji? Kada na ƙara jin wannan magana a bakinki!"

Ba ta ƙara ji ba kuwa. Laraba ta zo, Yaya ta jibge mata kayan makaranta guda ashirin, ta ce a gama kafin yamma. Laraba ta gaba ma haka. Auta ta daina hira, ta daina kunna rediyo, kekenta kawai ake ji. Yaya ta ɗauki shirun nan a matsayin lafiya, har tana yaba wa kanta cewa ta yi maganin abin.

A mako na biyar, da tsakar rana, Auta ta shiga bayan labulen da ake gwada kaya. Yaya tana yanka yadi, ta kira ta sau biyu ta kawo mata alli. Da ta gaji ta ɗaga labulen, sai ta gan ta zaune a ƙasa, kai ya karkace, leɓɓa sun canza launi, ga ledar ƙwaya a cinyarta.

A asibiti likita ya yi mata bayani a tsaye. Auta ta sha adadin da ta saba sha a da, amma jikin da ya huta wata takwas ba zai iya ɗaukar wannan ba. Numfashinta ya tsaya tun a mota. Sun yi iya ƙoƙarinsu.

Yaya ta zauna a bencin baranda, tef ɗin awo na rataye a wuyanta, ko hawaye sun ƙi zuwa. Wata sista mai furfura ta zo ta zauna kusa da ita.

"Ke ce yayarta? Ni ce nake zama da su ranar Laraba. Kullum zancenki take. Takan ce da duniya ta guje ta, Yaya ce ta tsaya mata." Ta share ido da bayan hannu. "Mun yi ta neman ta. Don Allah me ya hana ta zuwa?"

Yaya ta buɗe baki don ta kawo wani uzuri, kamar yadda ta saba. Babu abin da ya fito sai gaskiya.

"Ni ce. An yi min dariya ne."

Jama'a, shaye-shaye ciwo ne, kuma wanda ya daina bai gama yaƙi ba. In ɗan'uwanku ya ce har yanzu abin na jan shi, ku saurare shi, ku raka shi wajen masu magani. Dariyar mutane takan wuce kafin yamma, amma wanda kuka rufe wa baki saboda ita ba lallai ya sake yi muku magana ba.